SAMANJA MAZAN FAMA: ƊAN SARAUTAR DA YA SULHUNTA KAKI DA FARAR HULA

Ranar Lahadi, 12 ga watan Nuwamba, 2023, Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, yana da shekara 81 a duniya. Da a ce an tari wani dattijo a tashar motar Potiskum a wannan rana, aka ce masa Usman Baba ya rasu, mai yiwuwa ne ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙan Musulmi, ya wuce abinsa. Amma da an ce masa Samanja ne ya rasu, Samanja Mazan Fama, to, lalle sai ya ja ya tsaya, domin kuwa an taɓo masa wani abu na ƙuruciyarsa. Sunan wasa ya daɗe da cinye sunan yanka, har ya zamana mutane da yawa sun tsufa da muryar mutumin a kunnensu ba su taɓa sanin sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ba.

Irin wannan ɗaukaka ba kowane ɗan wasan kwaikwayo ke samunta ba, kuma tana da haɗarinta. Jama'a sukan riƙe dariyar su manta da wanda ya ba su ita, su manta da irin wahalar da ya sha da kuma zamanin da ya yi aikinsa a ciki. Saboda haka ya kamata a waiwayi rayuwar wannan bawan Allah, a kuma gwada ta da ta wani takwaransa na ƙasar Rasha, wanda shi ma daga bariki ya fito ya hau dandamali, domin a ga abin da kowace ƙasa ta yi da nata.

DAGA BAKIN KWARA ZUWA KADUNA

An haifi Usman Baba ran 20 ga watan Mayu, 1942, a garin Pategi na ƙasar Nufe, wanda yake cikin Jihar Kwara. Garin yana bakin kogin Kwara ne, kusa da inda kogin Kaduna ya gangaro ya zuba a cikinsa, kuma ya yi suna wajen bikin tseren kwale-kwale. Gidan da aka haife shi gidan sarauta ne, watau gidan Etsu na Pategi. Kowa ya san abin da ake sa rai ga yaron da ya tashi a irin wannan gida: ya yi karatu, ya riƙe girmansa, ya zauna kusa da fada, wata rana a naɗa masa rawani. A wancan zamani kuwa ba a ɗauki wasan ban dariya sana'ar 'ya'yan manya ba. Aikin maroƙa ne da 'yan kama da wawayen sarki, waɗanda ake yi wa kyauta a ƙofar fada, ba a ba su wurin zama a ciki.

Ya yi makarantar firamare a Pategi, ya wuce Midil ta Ilorin, daga nan ya nufi Kaduna, hedkwatar Jihar Arewa. Ya fara taɓa aiki a Ma'aikatar Ayyuka, kafin ya sami shiga gidan rediyo. Kaduna ta lokacin gari ne na baƙi. Ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa da na masaƙu da sojoji sun taru daga kowace kusurwa, Banufe da Babarbare da Tibi da Bayarabe da Ba'angashe, kowa da harshen gidansu, amma in an haɗu a kasuwa ko a wurin aiki sai a koma Hausa. Wannan Hausa ta Kaduna, wadda kowa ke lanƙwasa ta yadda harshensa ya iya, ita ce ta fara cika kunnen saurayin, kuma ita ce daga baya ta zama jarinsa.

A shekarar 1962 ne Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta buɗe kamfaninta na watsa labarai, wanda ya haɗa rediyo da telebijin a Kaduna. Sabon gida ne mai yunwar shirye-shirye, saboda haka duk mai baiwar magana yana iya samun ƙofa.

MAKARANTAR BARIKI

A cikin shekarun 1960 Usman Baba ya ajiye aikinsa ya shiga soja, aka ba shi horo a makarantar sadarwa ta soja da ke Apapa, Ikko. Zamanin kuwa na tashin hankali ne. An yi juyin mulki sau biyu a 1966, yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, bai ƙare ba sai Janairun 1970. Rundunar sojan Nijeriya, wadda kafin yaƙi ba ta wuce mutum kimanin 10,000 ba, ta kumbura har ta kai kimanin 250,000 sa'ad da aka ajiye makamai. Ma'anar wannan ita ce da wuya a sami unguwa a Arewa wadda ba ta da ɗa ko suruki a cikin kaki.

A nan ne ya sadu da mutumin da zai kwaikwaya har ƙarshen ransa, watau samanja. Kalmar daga Turanci Hausawa suka aro ta suka gyara mata zama, kamar yadda suka yi wa saje da kofur da kurtu da fareti. Samanja shi ne babba a cikin sojojin da ba hafsoshi ba. Shi ke tsakanin masu anini a kafaɗa da masu igiya a hannu. Hafsa ya ba da oda ya koma ofis, samanja ne zai tsaya a rana ya ga an cika ta. Shi ya san wanda ya makara a fareti, da wanda takalminsa bai sha goga ba, da wanda matarsa ta kai ƙara wurin magajiyar bariki. Ƙananan sojoji suna tsoronsa fiye da yadda suke tsoron kanar, amma shi kansa in ya ga ɗan yaron laftana da ya haifa, dole ya ƙame ya sara masa.

Hausar bariki ma tana da nata tarihi. Tun 1863, sa'ad da Kyaftin John Glover ya tara wasu 'yan Hausawa a Ikko ya mai da su dakarunsa, Hausa ta zama harshen soja a wannan yanki. Da ita aka horar da rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya kafa, da ita kuma aka bi da dubban 'yan ƙasar nan da suka je yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Da yake yawancin masu magana da ita ba Hausawa ba ne, sai ta fito da kamanninta dabam: ba ruwanta da bambanta namiji da mace, ga kalmomin Turanci an tauna an zuba a ciki. Malaman makaranta suna yi mata kallon gurɓatacciya. Usman Baba kuwa sai ya saurare ta da kunnen mai sana'a.

HAIHUWAR SAMANJA

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Akwai tashe da yara ke yi a watan azumi, akwai wasan gauta inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansu, akwai 'yan kama masu kwaikwayon malamai suna wa'azi a kan tuwo da miya. Da boko ya zo aka fara rubuta shi. Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa a 1949, Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada kuma ya rubuta Uwar Gulma. Amma duk waɗannan a kan gidan Bahaushe suke da kasuwarsa da kotunsa. Ba wanda ya leƙa cikin bariki, domin wuri ne da farar hula ke ratsewa in ya hango ƙofarsa.

A 1973 shirin Samanja Mazan Fama ya fara fita daga Kaduna, Usman Baba yana tsara shi, yana kuma fitowa a matsayin Samanjan. Aka ji shi a rediyo, aka gan shi a telebijin. Bayan an kafa Hukumar Telebijin ta Nijeriya a 1977, wadda ta haɗe tashoshin jihohi a hannun Gwamnatin Tarayya, shirin ya sami hawa layin ƙasa baki ɗaya, aka ƙara masa Turancin buroka domin mutanen Kudu su ma su sha dariya. Sai ga shi ana kiran sunan Samanja a Ikko da Inugu kamar yadda ake kiransa a Zariya.

Gwanintar mutumin tana cikin yadda ya riƙe mutum biyu a jiki ɗaya. Ga Samanja mai tsawa, mai muzurai, wanda in ya buɗe baki kurtu ke rawar jiki. Ga kuma Samanja magidanci, wanda albashi ke ƙare masa kafin wata ya mutu, wanda rigimar gida da ta maƙwabta ke sha masa kai kamar kowa. Yana cikin zuba Hausa sai ya karkata zuwa buroka, ya dawo, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Wanda bai taɓa zaman bariki ba ba zai iya wannan ba, domin tafiyar da tsayuwar da yadda ake murza murya duk abubuwa ne da jiki ke koya a filin fareti. Tsofaffin sojoji in suna kallo sukan gane samanjansu na da a cikinsa, shi ya sa ba su ɗauki abin da zafi ba.

Ba shi kaɗai ne a fagen ba. Zamanin ne na Ƙasimu Yero, ɗan Zariya, wanda ya yi Karambana, da Umaru Ɗanjuma Katsina mai laƙabin Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna, da Karkuzu na Bodara a Jos, da Golobo a Sakkwato. Waɗannan su suka share filin da 'yan fim na Kano suka zo suka yi shuka a kai, bayan fitowar Turmin Danya a 1990.

ABIN DA YA HAƊA SHI DA POTISKUM

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa Banufen Pategi da mutanen Potiskum, alhali tsakaninsu tafiya ce ta ɗaruruwan mil? Amsar tana cikin harshe. Potiskum gari ne na Bolawa da Ngizimawa da Karekare da Ngamawa, ga Fulani da Barebari da Hausawa. Tun da Mai Fika ya komo da fadarsa nan a 1924 garin yake ta bunƙasa, har ya zama mahaɗar hanyoyin Kano da Bauci da Maiduguri, kasuwar shanunsa kuma ta shiga sahun mafi girma a Afirka ta Yamma. A irin wannan gari Hausa ce ke ƙulla ciniki tsakanin mai shanu da dillali da direban babbar mota, amma da yawansu da wani harshe suka yi wayo a ɗakin uwa.

Mutumin da ya saba a yi masa dariya in ya ce "ya" a inda ya kamata ya ce "ta", ranar da ya kunna Rediyon Kaduna ya ji wani ƙato yana irin wannan Hausa da ƙarfin hali, kuma duk Arewa tana saurare, lalle zai ji an yi da shi. Samanja bai zo da Hausar Kano ko ta Sakkwato yana yi wa sauran jama'a gori ba. Ya zo da Hausar da ake yi a tasha da teburin mai shayi, ya ɗora ta a kan kujerar girma. Sa'ad da shirin ya fara, Potiskum tana cikin Jihar Arewa Maso Gabas. Ta koma Jihar Borno a 1976, ta koma Yobe a 1991. Jihohi sun yi ta sauyawa, amma akwatin rediyon da ke rataye a rumfar mai shayi bai sauya tasha ba.

Akwai kuma wani dalili da ya sa labarin Samanja bai tsufa ba a wannan gari. Shekarun rikicin Boko Haram sun kawo wa Potiskum baƙin ciki mai yawa, daga harin kasuwar shanu na watan Mayun 2012, zuwa bam ɗin da ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya ran 10 ga Nuwamba, 2014, ya hallaka ɗalibai masu yawa. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa. Soja ya fito daga bariki ya tsaya a kan titi, farar hula ya riƙa wucewa ta gabansa safe da yamma. Duk wanda ya ga wannan zamani ya san cewa zaman lafiya ba ya samuwa in mai kaki da mai riga suna yi wa juna kallon dodo. Aikin da Samanja ya yi shekaru arba'in kafin haka shi ne ya nuna wa kowannensu cewa ɗayan ma mutum ne.

DARIYA A ƘARƘASHIN DOKAR SOJA

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne lokacin da aka yi wannan wasa. Soja ne ke mulkin ƙasar nan daga 1966 zuwa 1979, suka sake dawowa a ƙarshen 1983. Gidan telebijin na gwamnati ne, gwamnati kuwa ta masu kaki ce. A 1984 aka kafa Doka ta 4, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, saboda labarin da suka buga. A cikin irin wannan yanayi ne wani mutum yake sa kaki kowane mako, yana sa jama'a suna ƙyalƙyala dariya a kan soja, kuma ba a rufe shirin ba.

Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Samanja ya san iyakar da zai tsaya. Ɗan gida ne, saboda haka zolayarsa ta zama irin ta abokin wasa, wadda ba a kai ta gaban alƙali. Ya taɓa zalunci da cika baki da cin bashi da shaye-shaye, amma ya taɓa su a jikin ƙananan sojoji, a ƙarshe kuma horo da ladabi su ke yin nasara. Masu suka za su iya cewa bulalarsa ba ta taɓa hawa sama ta sami janar-janar masu juyin mulki ba, kuma wannan gaskiya ne. Sai dai wanda ya ce haka ya tuna cewa da ta hau, da shirin bai kai mako na biyu ba. Ɗan abin da aka bari ya faɗa ya faɗe shi da kyau, har ya rage wa talaka fargabar kaki, ya kuma tuna wa mai kaki cewa ana ganinsa.

TAKWARANSA NA ƘASAR RASHA

A can Tarayyar Sobiyat, ƙasar da ta sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi a lokacin yaƙin basasa, ta kuma karɓi kwangilar gina kamfanin ƙarfe na Ajakuta a bakin wannan kogi na Kwara, an yi wani mutum da rayuwarsa ta yi kama da ta Samanja ƙwarai. Sunansa Yuri Nikulin. An haife shi ran 18 ga Disamba, 1921, a garin Demidob na yankin Simolensik, ya tashi a Masko. Yana gama makaranta a 1939 aka ɗauke shi soja, aka sa shi a rukunin masu harbo jiragen sama. Ya yi yaƙin da aka yi da Finlan, sa'an nan ya tsaya tsaron birnin Leningirad sa'ad da sojojin Hitila suka yi masa ƙawanya ta kwana 872, yunwa da sanyi suka kashe ɗaruruwan dubban mutane. Bai tuɓe kaki ba sai 1946, yana da muƙamin babban saje da lambar jaruntaka a ƙirji.

Da ya dawo gida ya nemi shiga makarantun koyon wasan kwaikwayo da na fim a Masko, duk suka ƙi shi, wai ba su ga alamar ɗan wasa a tare da shi ba. Ƙofar da ta buɗe masa ita ce ta gidan wasan nan na dabo da tsalle-tsalle da dabbobi da ke titin Sibetnoi, inda ya koyi aikin ɗan kama. Ya yi yaron wani shahararren ɗan kama mai laƙabin Karandash, daga baya ya haɗa gwiwa da Mikhail Shuidin, wanda shi ma tsohon soja ne, suka yi shekara kusan talatin suna wasa tare.

A 1958 ya fara fitowa a fim. Darekta Leonid Gaidai ya sa shi a finafinan ban dariya, inda ya zama wawan cikin wasu 'yan damfara uku. Fim ɗinsu na 1969, wanda ma'anar sunansa ita ce Hannun Lu'ulu'u, mutum fiye da miliyan 76 ne suka shiga silima suka kalle shi. Amma da aka ba shi wasan da ba na dariya ba, sai aka ga wani mutum dabam. A fim ɗin Sergei Bondarcuk na 1975, Sun Yi Yaƙi Domin Ƙasarsu, da na Aleksei German, Kwana Ashirin Ba Yaƙi, ya fito a matsayin wanda yaƙi ya gajiyar, kuma waɗanda suka sha wuyar yaƙin suka shaida cewa fuskar tasu ce. Shi ma, kamar Samanja, ƙarƙashin gwamnati mai tace kowace kalma ya yi aikinsa, shi ma ya san inda zai taka da inda zai tsallake.

INDA HANYA TA RABU

Har zuwa nan labarin mutanen biyu tafiya ɗaya yake yi. Inda suka rabu shi ne abin da ƙasashensu suka yi da aikinsu. An ba Nikulin lambar Ɗan Wasan Jama'ar Tarayyar Sobiyat a 1973, shekarar da Samanja ya fara. Da ya daina wasa a 1981, yana da shekara 60, sai aka danƙa masa shugabancin gidan wasan da ya tashi a ciki. Ya tsaya aka rushe tsohon ginin aka sake sabo, aka buɗe a 1989, kuma tun yana da rai aka sa wa gidan sunansa. Ya rasu ran 21 ga Agusta, 1997, bayan aikin zuciya. Finafinansa suna ajiye a ma'adanar finafinai ta ƙasar, wadda aka kafa tun 1948, kuma yaron da aka haifa bayan mutuwarsa yana iya zama ya kalle su tas, kamar jiya aka ɗauka.

A nan gida kuwa, matashin Potiskum da ya ji mahaifinsa yana ba da labarin Samanja, in ya shiga intanet neman shirin, abin da zai tarar guntaye ne masu dishi-dishi. A zamanin da aka yi waɗannan shirye-shirye kaset yana da tsada, gidajen telebijin a ƙasashe da yawa, har da na Ingila, sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. Wanda ya tsira daga gogewa kuma ga zafi ga ƙura ga laima suna jiransa a ɗakin ajiya. Kaset ba ya jiran kasafin kuɗi. Kowace damina da ta wuce tana tafiya da wani abu.

Ga misali a kusa. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. Sai a 2016 aka tsinto shi a cikin tarin gwangwanayen Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya ta birnin Balin a Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan ya nuna abu biyu: ana iya ceto abin da aka fid da rai a kansa, kuma in ba a tashi da wuri ba sai an jira baƙo ya zo ya nuna wa mai gida dukiyarsa.

Haka nan batun 'yan wasan kansu. Mutanen zamanin Samanja ma'aikata ne masu albashi ko 'yan alawus. Ba a san wani abu wai shi haƙƙin maimaita shiri ba, saboda haka ko an nuna wasan mutum sau ɗari, ladansa na ranar farko ne kawai. Jama'a ba su manta da yadda aka yi ta neman taimako a bainar jama'a domin jinyar Sadiq Daba ba, wanda ya yi tashe tare da Ƙasimu Yero a shirin nan na manoma da aka ɗauka a Jos, kafin rasuwarsa a 2021. Mutumin da ya faranta wa miliyoyi rai bai kamata tsufansa ya dogara ga tausayin mai wucewa ba.

ABIN DA YA RAGE

Ƙasimu Yero ya rasu a watan Satumba na 2017, Samanja ya bi shi bayan shekara shida. Sahun yana ta raguwa, kuma kowane ɗaya ya tafi yakan tafi da abin da ke kansa na yadda aka yi aikin. Akwai ma'adanar finafinai da sauti ta ƙasa a Jos. Akwai sassan koyar da Hausa da wasan kwaikwayo da aikin jarida a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Abin da ake bukata shi ne Hukumar Telebijin da Rediyon Tarayya na Kaduna su buɗe ɗakunan ajiyarsu, a ƙirga abin da ya saura, a juye shi a na'urorin zamani, a kuma zauna da sauran dattawan da suka yi aiki tare da shi a ɗauki bayaninsu tun suna iya bayarwa. Rundunar soja ma tana da haƙƙi a wuyanta, domin da wuya a sami wani jami'in hulɗa da jama'a da ya yi mata aikin da wannan mutum ya yi mata. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Usman Baba Pategi ya bar inuwar fada ya shiga rana, ya ɗauki sana'ar da ake rainawa ya mai da ita abin alfahari, ya kuma ɗauki Hausar da ake yi wa dariya ya sa ƙasa duka ta saurare ta. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyalinsa da masoyansa haƙurin rashinsa, amin.